Shekarar da Na Goya Kare

Labarin da kuke ji a gidajen biki ba daidai ba ne, kuma na gaji da yin murmushi in ana ba da shi. Kawunku Yohana yakan ce wai na bar makarantar koyon taifin don in zauna a gida in yi renon kare, ya ƙara da cewa karen ma daƙiƙi ne, ya shafe watanni bai gane inda ake fitsari ba. Daga nan sai ya miƙe ya kwaikwayi yadda na goya shi da zani, kowa ya kwashe da dariya, har da ku. Goyo dai na goya, ban musa ba. Sauran duk ba haka aka yi ba. Yohana ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da aka bar shi ya sani ke nan, don shi kullum yana kan hanya. Yanzu da Mama ta bi Baba, babu sauran wanda kunya za ta kama in na faɗa sai ni, ni kuwa kun san ba ta cika damuna ba.

A shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki, muna haya a Tudun Wada, a gidan Alhaji Sule mai katako. Ciki da falo ne namu, daga hannun dama in an shigo. Alhaji da matarsa Hajiya Asabe suna can ciki bayan katanga, sauran ɗakunan na wasu samari ne da ke fita aiki tun da sassafe. A tsakar gida akwai famfo ɗaya da daɓen siminti. A nan kowa ke ɗibar ruwa, a nan kuma Alhaji ke alwala in ya dawo daga shago da azahar. Bayi yana ƙuryar gida, sai an wuce famfon, ga bishiyar gwanda a bayansa. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, kuma ban taɓa jin wani ya tuna mana da haka ba. Baba, Malam Ishaya, ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ranar da ya faɗi a gaban inji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma guntu-guntu, sai wanda ya saba ke tsinta. Tun daga nan Alhaji bai sake yi mana zancen ƙarin haya ba, mu kuma mun san in muka bar gidan nan ba mu da inda za mu kai mutum mai jan ƙafa. Mama ta kama suyar ƙosai a ƙofar gida da safe. Ni na gama sakandare, ina zuwa wurin wata Madam ina koyon buga tafireta daga safe zuwa azahar. Na fi kowa sauri a ajin, ba yabon kai ba, har Madam ta ce in na ƙare za ta haɗa ni da wani ofishi da ke neman sakatariya.

Yohana yana kwandastan bas a lokacin. Wata yamma ya shigo da kwali a hammata, wai wani direba a Unguwar Boro ne karyarsa ta haihu.

“Mene ne wannan?” in ji Mama.

“Maigadi. Mama, sojoji za su koma bariki. Maganar da kowa ke yi a mota ke nan. Da sun janye daga hanya ɓarayi za su fito kamar gina bayan ruwa.”

“Me za su sata a nan? Kaskon ƙosai?”

Na leƙa kwalin na ce, “Buroda, wannan ne zai kori ɓarawo? Ai ɓera ma sai ya ɗauke shi.”

Da Mama ta ce a mayar da shi a ranar, da ba ni da abin rubutawa. Amma muna cikin gardama kwikwiyon ya faɗo daga kwalin, ya yi tangaɗi har tabarmar Baba, ya hau kan mataccen hannun nan ya fara lasa. Duk muka ga yatsun sun motsa. Baba ya dubi farin tabon da ke tsakiyar kansa, ya haɗa bakinsa da ƙyar ya ce, “Farar hula.” Ya yi dariya, irin wadda rabin fuska kawai ke yi. Rabonmu da jin dariyarsa tun kafin ya faɗi. Mama ta juya ta shiga ɗaki, ba ta ce a mayar ba. Sunan kuma ya bi karen.

Ba a yi mako ba Farar Hula ya yi kashi a daɓen famfo, Alhaji kuma ya cire takalmi zai yi alwala ya taka da ƙafarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa, abin da ke sa maganarsa ta fi nauyi ke nan. Ya wanke ƙafar ya sake wankewa, sannan ya aika a kira Mama. Ina tsaye a bakin ƙofarmu ina jin komai.

“Maman Yohana, ba na son in yi abin da za a ce na yi ne don Malam Ishaya ya kwanta. Amma a nan nake alwala. Mutanen da muke salla tare a ƙofar gida sun fara tambayata ko na koma kiwon karnuka.”

Mama ta durƙusa. “A yi haƙuri, Alhaji.”

“Ku koya masa. In ya koyu, ya zauna a ɓangarenku. In bai koyu ba, to ko dai shi ya fita…”

Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki butarsa ya wuce. Mu muka ƙarasa masa maganar a zukatanmu, kuma kowa ƙarshe ɗaya ya ba ta.

Aikin ya faɗo kaina, tunda Yohana ba ya gida, Mama kuma tana gaban kasko. Dabarar Yohana ita ce wadda kowa ya sani: in ya yi, ki kama wuyansa ki goga hancinsa a ciki, ki tsula masa bulala. Na gwada. Abin da na samu shi ne kare da ke ɓuya a bayan buhun wake ya yi abinsa a ɓoye. Na ce wannan aikin banza ne, ni kuma ba ni da haƙurin maimaita aikin banza. Sai na zauna na zuba masa ido kamar yadda nake kallon yatsun Madam. Na lura ba ya yi haka kawai. Da ya farka daga barci, da ya gama cin abinci, ko ya gaji da wasa, sai ya sa hanci a ƙasa ya fara zagaye wuri ɗaya. Na lura kuma inda ya ji warin nasa, nan yake komawa. Na ɗauki tsumman da na goge fitsarinsa na kai gindin gwandar nan na danne da dutse. Duk inda ya taɓa ɓatawa a ɗaki na goge da toka da bilic har hannuna ya yi fari. Da ya buɗe ido sai in sure shi in kai shi gwanda in tsaya a kansa, ko ana yayyafi, in ya yi in ba shi guntun ƙuli-ƙuli. Da dare a kwali yake kwana, don ba ya ɓata inda yake barci. Kafin wata ya ƙare, shi da kansa yake zuwa bakin ƙofa ya yi ɗan kuka ya waigo ya dube ni. In ina gida, ko ɗigo ba ya yi a inda bai kamata ba.

Amma sai in dawo daga taifin da azahar in tarar da daɓen famfo a jiƙe, Mama a sunkuye tana gogewa da toka, Hajiya Asabe a tsaye a ƙofar katangarta.

“Ya sake?” na ce.

“Ya sake,” in ji Mama, ba ta ɗago ba.

Hajiya ba muguwa ba ce, tsokana ce da ita. “Rifkatu ’yar boko, an ce kin ci Turanci a jarrabawa. Ki yi masa da Turanci mana, wataƙila Hausa ce ba ya ji.”

“Hajiya, Turancin ma na yi masa. Saura Larabci, ke za ki taimaka.”

Ta yi dariya, amma kafin ta shiga ta ce, “Ki dai yi sauri. Ni nake tare Alhaji a zaure da hira har wurin ya bushe, kuma hirata ta kusa ƙarewa.”

Ba kullum ba ne, amma yana yawan faruwa. Na ɗaure shi da igiya kafin in fita, na dawo Mama ta ce ya zame wuyansa. Na kife shi a kwando na ɗora dutse, ta ce tausayi ya kama ta ta buɗe masa. Na rasa inda zan sa kaina. Na koma dukansa, duk da na san ba ya gane dalilin dukan. Sai ya gudu ya shige ƙarƙashin kujerar Baba, Baba ya sa ƙafarsa mai lafiya ya tare ni yana cewa, “A’a. A’a.”

“Baba, kai ne kake lalata shi,” na ce. “In aka watso mana kaya waje, shi zai ba mu ɗaki?”

Baba ya juya fuskarsa bango. Ya daina shan kokonsa da safe sai an yi ta lallashi, ni kuma na ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa. A wurin Madam na fara buga shirme, layi ɗaya kuskure uku, don hankalina yana kan daɓen siminti a Tudun Wada. In na ji an fara kiran azahar ina cikin bas, sai in tuna Alhaji yana can ya nufi famfo da butarsa. Damina ta kama, ni kuma abin da nake gani in na rufe ido shi ne katifarmu a bakin titi ruwa na dukanta, Baba a zaune a kan kujera a gefe. Gari ma duk haka yake, kowa a ɗar-ɗar. Wasu na cewa sojojin ba za su sauka ba, wasu na cewa za su sauka su dawo kafin a ci sabuwar masara. Ana saura ’yan kwanaki a rantsar da sabuwar gwamnati, hirar Hajiya ta ƙare, Alhaji ya shigo ya tarar da wurin bai bushe ba. Hajiya ce ta kawo saƙon, wannan karon babu tsokana.

“Maman Yohana, ya ce in an sake, a ranar za a fitar da shi. Ya ce kada ku sa ya faɗi abin da ya fi wannan.”

Ranar rantsarwa babu taifin. Alhaji ya tayar da janareta, ya buɗe falonsa, duk gidan da rabin layin suka cika shi suna kallon talabijin. Ni na riga na yanke shawara tun da asuba: yau ƙafar karen nan ba za ta taɓa ƙasa ba sai a gindin gwanda. Na ɗora shi a baya na ɗaure da zani, kansa kawai a waje. Yaran layi suka bi ni suna tambaya ko an yi suna. Ban kula su ba. Ba zan shiga falon Alhaji da kare ba, don haka na tsaya a waje ina leƙe ta taga. Mama tana ƙofar gida, ranar ciniki ya ja ta har hantsi ya wuce saboda taron mutane. Baba yana ɗaki, ya ce ba ya son hayaniya.

Ana cikin jawabi na ji Farar Hula yana mutsu-mutsu a bayana. Na san alamar. Na zagayo tsakar gida zan kai shi gwanda, sai na tsaya cak. Baba ne a tsaye a kan daɓen famfo, ya rungume bututun da hannunsa na hagu, idonsa a rufe. Wandonsa a jiƙe tun daga sama har ƙasa, ruwan yana bin simintin yana gangarawa kwata. Abin da ya fara zuwa kaina, don ku san irin kaina, shi ne yawan ruwan. Kwikwiyon da bai kai kwanon sha ba, ta yaya na yarda shi ke jiƙa daɓe guda? Sai na tuna ban taɓa ganin wurin ba sai bayan Mama ta watsa ruwa a kai.

Mama ta shigo da sauri da bokiti a hannu, kamar wadda ta saba. Ta gan ni. Ta dubi ƙofar falon Alhaji, ta rage murya.

“Sauke shi a nan ki wuce.”

“Yana bayana tun safe, Mama. Duk layi sun gani.”

“Rifkatu, sauke shi.”

“Tun yaushe ake wannan?”

“Ba yanzu ba. Za su fito. Kina so a ce ubanki ne?”

“In na sauke shi, yau za a fitar da shi. Gobe wa za ki ce ya yi?”

A falo aka ɓarke da tafi, na ji ana jan kujeru, ga ladan ya fara gyara murya a lasifika. Baba bai buɗe ido ba. Na fizge bokitin daga hannun Mama na sheƙa wa Baba ruwan tun daga ƙugu, sauran na zuba a zanina da daɓen, na yar da bokitin ya yi ƙara.

Alhaji ne ya fara fitowa da butarsa. Ya tsaya ya dubi ƙasa.

“Karen ne?”

“A’a, Alhaji. Ga shi a bayana, bai sauka ba tun safe. Bokiti ne ya kuɓuce mini, na jiƙa Baba.”

Hajiya ta leƙo daga bayansa. “Oh ni, Rifkatu. Hannun taifin ba ya riƙe bokiti?”

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi karen, ya dubi wandon Baba, ya daɗe yana duban hannun da ke rungume da bututun. Sannan ya ce, “Sannu, Malam Ishaya. A kai shi ya canja kaya, kada sanyi ya kama shi.” Ya miƙa hannu daga nesa ya cika butarsa, bai hau daɓen ba, ya fita ƙofar gida ya yi alwalarsa a can. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yi alwala a waje ba. Har ya rasu ban san abin da ya gane a ranar ba, ban kuma tambaya ba. Amma a lokacin tsoro ne ya rufe ni, wanda ya fi na da. Ƙazanta ƙazanta ce a wurin alwala, ko ta wa ce. Kare ana iya sa shi a kwali a mayar Unguwar Boro. Baba fa?

Bayan Mama ta canja masa kaya ya kwanta, na ja ta falo na rufe labule, ta gaya mini komai tana kallon tafin hannunta. In ya sha koko da safe, ita tana waje gaban kasko. Ta sayo masa fo, ya ture da ƙafa ya ce shi ba jariri ba ne. Ta ce ya buga kofi a ƙofa in ya matsu, ya ƙi, wai ba zai sa a taso ta daga mai yana tafasa ba mutane suna tambayar dalili. Sai ya tashi da kansa ya bi bango. Bango yana kai shi har famfo. Daga famfo zuwa bayi fili ne, babu abin kamawa. A nan yake tsayawa kullum yana tara ƙarfin hali, wani lokaci ya tsallake, wani lokaci abin ya riga shi. Ranar farko Hajiya ta fito kafin Mama ta gama gogewa ta tambaya, bakin Mama ya ce karen ne tun ba ta yi tunani ba. Da ta faɗa sau ɗaya, ba ta ga hanyar komawa ba.

“Kin bar ni ina dukan karen nan a gabansa,” na ce.

“Na bari. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi. Mijina ne.”

Ban yi faɗan ba, don babu lokaci. Na san abu ɗaya da na iya a watan nan: in ka jira sai an matsu, ka makara. Sai dai ka riga, bayan barci, bayan an ci, bayan an sha. Wannan kuwa sai da mutum a gida da safe, mai kafaɗar da za a dafa daga famfo zuwa bayi. Mama ba za ta bar kasko ba, da shi muke ci. Yohana in aka gaya masa, kafin dare duk tasha ta ji, ba don mugunta ba, bakinsa ne ba shi da murfi.

“Zan daina zuwa taifin,” na ce.

“Kin haukace? Ofishin fa?”

“Ofishi ba zai ba mu ɗaki a watan nan ba.”

“Kuma ’ya mace ba ta kai ubanta bayi, Rifkatu. Ba a yi. Shi ma ba zai yarda ba, gara ya mutu a kan famfon nan.”

“Ba bayi zan kai shi ba. Kare za mu fitar. Gwandar tana bayan bayi, wa zai tsaya ya ga inda kowa ya shiga?”

Wata yarinya da ke zama a bayana a aji, wadda ke buga tafireta da yatsa biyu, ita Madam ta tura ofishin. A can ta yi aiki har ta yi ritaya, nakan haɗu da ita a coci. Na san haka za a yi tun ina tsaye a falon nan, kuma ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba.

Na kwance karen daga bayana, na sa masa igiya, na ɗaga labule. Baba yana kwance ya ba ƙofa baya, amma na san ba barci yake ba. Na durƙusa a bakin tabarma.

“Baba, karen nan ya raina ni, maganarka kawai yake ji. Daga gobe kai za ka riƙa kai shi gwanda. Da ka farka, da bayan koko, da kafin azahar. Kai ka riƙe igiya, ni in riƙe ka.”

Ya juyo a hankali, bai dubi fuskata ba, ya buɗe hannunsa na hagu. Na sa masa igiyar a ciki.